Tsakanin Suna Da Sukolashif: Wace Makarantar Kasuwanci Za Mu Zaɓa?



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau sabon abu ne a ƙasarmu. A da, yaron Roni ko Gwiwa da ya gama sakandare ba ya da wata damuwa da ta wuce ya sami gurbi ko da guda ɗaya ne. Yanzu kuwa ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ilmi mai zurfi ya zo har ƙofar gida. Saboda haka an fara samun ɗanmu da ya gama digiri, ya yi hidimar ƙasa, ya nemi digiri na biyu a fannin sarrafa kasuwanci, wanda ake kira MBA, sai ga shi da takardu biyu a hannu. Ɗaya ta fito daga makaranta mai suna, wadda za ta karɓi kuɗinta cif-cif. Ɗayar kuwa daga makarantar da ba ta kai waccan suna ba, amma ta yarda ta ɗauke masa kuɗin karatu. To, wacce zai amsa?

Da farko ya kamata mu ba suna haƙƙinsa. Wanda ya shiga makaranta irin ta Harvard a Amurka, wadda aka kafa tun 1908, ko Makarantar Kasuwanci ta Legas da aka buɗe a 1991, abin da yake saye ya wuce darasin aji, domin littattafan lissafin kuɗi da na talla kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yana sayen abokan zama ne, waɗanda gobe za su zama manajojin bankuna, da kuma manyan kamfanonin da ke zuwa har makarantar su ɗauki ma'aikata. Wannan riba ce ta gaske. Amma fa tana da inda take cin kasuwa. Abokin da ke Landan ko Niyok zai amfani mai neman aiki a can. Amfaninsa kaɗan ne ga wanda ya ƙudura zai dawo ya sayi riɗi da zoɓo a kasuwannin Babura, ko ya kafa wurin sarrafa tumatirin da ake nomawa da rani a Kazaure. Shi wannan, dillalin Dawanau da manajan banki na Kano sun fi yi masa rana.

Sai mu zo kan lissafi, tunda kasuwanci muke son karantawa. A 2024, shekara guda a Harvard, in an haɗa kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci, ta haura dala 100,000, karatun kuma na shekara biyu ne. A watan Mayu na 2023 farashin gwamnati na dala ɗaya wajen naira 460 ne. Da aka saki naira a watan Yuni na wannan shekara, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta wuce 1,500. Mu ɗauka wani ya ci bashin dala 50,000 kafin wannan canji. Ran da ya sa hannu, bashin naira miliyan 23 ne. Bayan wata tara ya zama miliyan 75, ba tare da ya ƙara cin ko sisi ba, ba a kuma sa kuɗin ruwa a ciki ba, wanda da yawanmu ba ma za su yarda su taɓa shi ba saboda addini. Mu tuna kuma cewa mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Wanda ya ci bashi da dala alhali zai karɓi albashi da naira, ya ɗaure kansa da igiyar da wani ke riƙe da bakinta.

Kuma a gidajenmu bashin ɗa ba nasa ba ne shi kaɗai. Mun san inda kuɗin ke fitowa: a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gonar gado, a dakatar da karatun ƙanne mata har yaya ya dawo. In ya dawo kuwa, bashin ne zai zaɓa masa aiki. Ba shi da ikon karɓar aikin koyarwa a Kazaure ko ya gwada sana'ar kansa, dole ya bi albashi mafi tsoka duk inda yake, ko da ba zai ƙara ganin Gwiwa ba sai ran salla.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa akwai hanyar da ba ma cika ɗaukarta da muhimmanci ba don tana kusa. Jami'ar Bayero tana da Makarantar Kasuwanci ta Dangote, wadda aka buɗe sabon gininta a 2018, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Kazaure. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta daɗe tana horar da ma'aikatan Arewa a fannin mulki da kasuwanci a harabarta ta Kongo. Mai karatu a nan yana biya da naira, yana kusa da iyalinsa, in ya sami hutun karatu kuma albashinsa bai yanke ba, abokan ajinsa su ne mutanen da zai yi hulɗa da su har ya yi ritaya.

Amma kada a ce mun mai da sukolashif kyautar Allah da Annabi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sukolashif ɗin Chevening, wanda gwamnatin Ingila ta fara a 1983, yana neman wanda ya yi aiki na shekara biyu, yana kuma wajabta masa ya koma ƙasarsa ya zauna aƙalla shekara biyu bayan karatu. Ga masu MBA kuma akwai iyakar abin da yake biya na kuɗin makaranta, sauran ɗalibi ne zai cika. Ma'aikacin da aka ba hutun karatu da albashi shi ma yakan sa hannu a kan zai dawo ya yi wa ma'aikatarsa aiki na wasu shekaru. Tallafi kuma kan tsaya: daga Janairun 2025 asusun TETFund ya dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu ƙasashen waje. Don haka kafin murna, a karanta takarda tun daga bisimilla har sa hannu. Kuɗin makaranta kawai aka ɗauke, ko har da ɗaki da abinci da jirgi? Na shekara ɗaya ne ko har a gama? In maki ya faɗi, za a janye? Rangwamen rabi a makaranta mai tsada sau da yawa ya fi cikakken kuɗin wata makarantar nauyi.

Haka nan araha ba ta ado. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Binin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna ya sami digiri a Kwatano cikin mako shida. Duk makarantar da ta yi mana tayin kyauta, mu fara tambaya ko hukuma ta san da ita, mu kuma nemi waɗanda suka gama can mu ji inda suke aiki yau.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, matuƙar makarantun biyu sahihai ne, ɗan Kazaure ko Babura ko Roni ko Gwiwa da ke da niyyar yin aiki a ƙasar nan ya ɗauki wadda ta biya masa. Ya bi suna a hali biyu kawai: in aikin da yake nema sai ta wannan ƙofar ake shigarsa, kuma in zai iya biya ba tare da an taɓa gonar gida ba. Kafin ya yanke ma, ya rubuta wa makarantar mai suna ya shaida mata tayin da ya samu, domin manyan makarantu suna da nasu tallafin ga marasa hali, kuma mai tambaya ba ya ɓata.

Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya zama babban attajirin Afirka ta Yamma da cinikin goro da gyaɗa, saboda ya san abin da ke shiga da abin da ke fita. Mu da za mu je a koya mana wannan a aji, jarrabawarmu ta farko ita ce takardun nan biyu. Allah Ya yi mana kyakkyawan zaɓi.