Abin da Ke Kashe Gidajen Motsa Jiki Daga Waje



Idan muka ga gidan motsa jiki ko kulob ɗin ma'aikata ya rufe ƙofa, abin da mukan fara cewa shi ne manaja ya yi sakaci. Amma ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa manajan yana iyakar ƙoƙarinsa, sai dai akwai al'amuran da ake yankewa can nesa da shi, waɗanda ba shi da ta cewa a kansu.

Na farko shi ne wuta. Injin gudu, da famfon da ke tace ruwan wurin iyo, da fitilun filin wasa, duk wuta suke ci. A watan Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura naira 1,000 a 2024. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin farko zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Ke nan ko wutar gwamnati ko ta janareto, duk wadda mai gida ya kunna sai ya ji a jikinsa.

Na biyu shi ne darajar naira. Yawancin injunan nan daga ƙasashen waje ake shigo da su. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta wuce naira 1,500 a 2024. Saboda haka injin da ya lalace sai a jingine shi a lungu, ƙura ta rufe shi.

Na uku, dokar hukuma. A shekarar 2020 annobar korona ta sa aka rufe wuraren taruwar jama'a na tsawon watanni, alhali kuɗin haya da albashin ma'aikata ba su tsaya ba. A shekarar ce kuma harajin kayan saye ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne aljihun jama'a. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, idan ya ware kuɗin abinci da na mota da na makarantar yara, kuɗin kulob ne farkon abin da zai soke. Idan kuwa manaja ya ƙara kuɗin shiga don ya biya wuta, sai sauran 'yan kaɗan ɗin su watse.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin da ake tsara haraji da raba filaye. Ya kamata mu tuna cewa hawan jini da ciwon sukari suna ƙaruwa a biranenmu, kuma duk filin wasan da muka bari aka yanka shaguna, to, a asibiti za mu biya kuɗinsa. Mu sassauta wa waɗannan gidaje haraji, mu tsare filayen unguwa inda talaka zai motsa jiki ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Allah ya ba mu ikon yi.