Kayan Mota na Asali: Wanne Za a Bari, Wanne Za a Cire Tun Bai Mutu Ba
Jawabin ofishin magatakarda a taron zagayowar shekarar ƙungiya



Lokacin da aka ba ofishinmu kaɗan ne, mun kuma zaɓi mu yi amfani da shi a kan rigimar da ta fi kowace zuwa gaban teburinmu tsakanin mai mota da direbansa. Direba zai zo ya ce makanike ya ce a canza kaza. Mai mota ya ce ai kayan na asali ne, da shi motar ta fito daga kamfani, bai taɓa ba da matsala ba, don me za a cire lafiyayye a sa wanda ba a san asalinsa ba? Kowannensu yana da gaskiyarsa, shi ya sa maganar ba ta mutuwa.

Mu fara da gaskiyar mai mota. Kayan da mota ta fito da shi yakan fi wanda za mu saya a kasuwa ƙarko. Duk wanda ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Camp Yabassi a Duwala ya san akwai na kirki, akwai jabu, kwalinsu kuma iri ɗaya. Abubuwa kamar sitata, altaneta, shokozoba da boris ɗin ƙafa ba su cika mutuwa farat ɗaya ba. Sai sun yi ƙara, ko yoyo, ko motar ta fara nauyin tashi da safe. Irin waɗannan mu a ganinmu a bar su su yi aikinsu, a riƙa sa kunne kawai. Cire sitatar asali mai lafiya don tsoro asarar kuɗi ce.

Amma akwai kayan da ba sa yin sallama kafin su tafi, kuma a kansu muke so a tsaya. Babbansu shi ne bel ɗin taimin. Yawancin Hilux da Hiace da muke lodi da su masu injin dizal ne. A tsofaffin injina irin 3L da 5L, kamfanin Toyota ya ce a canza wannan bel a kilomita 100,000, a injin 2KD kuma 150,000. Bel ɗin roba ne, yau yana aiki sumul, gobe ya tsinke. Idan ya tsinke injin yana gudu, fistin ya daki bawul, an tashi daga sayen bel an koma sauke kan inji.

Mun ga haka a lokacin albasar bara. Wani ɗan'uwanmu, yana nan zaune a cikinmu, ya yi lodi daga nan Kolofata zai kai Marwa. Makanikensa ya yi masa maganar bel wata biyu kafin nan, ya ce a bari sai an sayar da wannan kaya. Ko Mora ba su kai ba bel ya tsinke, da la'asar sakaliya. Kuɗin jan mota daban, kuɗin sauya wa albasa mota daban, gyaran inji ya ninka kuɗin bel sau da yawa, motar ta yi sati uku a garaji. Shi kansa ya gaya mana duk wannan bai dame shi ba kamar ganin rana tana faɗuwa, direbansa da yaro suna tsaye a daji.

Wannan ne ya raba lissafinmu da na mai mota a Garwa ko Yawunde. Shi idan ta mutu masa, ya tura ta gefen titi ya kira makanike. Mu kuwa tun harin watan Yuli na 2014 mun san ma'anar dare ya riski mutum a hanyar Kerawa ko ta Amshide. Alhamdu lillahi an samu sauƙi, ana shiga Banki ana fitowa, amma babu wanda zai so ya kwana a hanya saboda roba.

Wani zai ce ai akwai fitilar da ke kamawa a gaban direba idan lokacin bel ya yi. Akwai, sai dai kilomita take ƙirgawa, ba ta ganin bel ɗin, kuma ana iya kashe ta ba tare da an canza komai ba. Motocinmu kusan duk na hannu ne, sun sha duniya kafin su iso mu, wasu ma an mayar musu da agogon kilomita baya. Don haka shawararmu, duk wanda ya sayi mota ya canza bel da abin da ke ɗaure shi a satin farko, a duba famfon ruwa tunda an riga an buɗe wurin. Masu injin da ke aiki da sarƙa, kamar tsohuwar Fijo 504 ta fetur, wannan bai shafe su ba.

Sai taya. Muna duba zanen taya mu ce da sauranta, alhali roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 yana nufin sati na 23 a 2019. Kamfanin Michelin ya ce a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma a jikin mota. Ku haɗa wannan da zafinmu na Afrilu da ke haura 40, da lodin da muke yi, wanda duk mun san ya wuce ƙa'ida. Kafin ku biya kuɗin taya ta hannu, ku karanta lambar.

Man birki yana shan danshi, a sauya shi duk shekara biyu. Tiyon lagireto a matsa shi da hannu in inji ya huce, idan ya yi tauri ko ya tsattsage a cire shi. Filtar iska kuwa, a ƙurar hunturu ba a jiran kilomita.

Mun san halin da ake ciki. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, zuwa-zuwa ya yi tsada, riba ta ragu, abin da aka fara ɗagewa shi ne gyara. Ba mu ce a canza komai ba. Bel, taya, birki da tiyo kawai muke roƙo kada a ɗage su zuwa bayan ciniki.

Ofishinmu ya tanadi ƙaramin littafi ga kowace motar da ke rajista a ƙungiya, inda za a rubuta ranar da aka canza kaya, kilomita nawa, da shagon da aka saya. Da shi za mu gane masu sayar mana da jabu, da shi kuma za a raba gardama idan mai mota da direba sun zo gabanmu. Muna kuma neman kwamiti ya duba ko za a riƙa neman littafin kafin a fitar da kuɗi daga asusun taimako. Za mu fara rabawa bayan sallar Azahar a teburin da ke bakin ƙofa, kowa ya zo da takardar motarsa.

Allah ya tsare hanya, ya maimaita mana.