Yadda Turawan Ingila Suka Fara Zama a Amurka

 

An ce in yi magana kan zuwan Turawan Ingila Amurka. To, jama'a, ba ayari ɗaya suka tafi ba, kuma ba abu ɗaya ya kai su ba.

Na farko 'yan neman kuɗi ne. A 1607 wani kamfanin Landan ya aika maza zalla, mutum 104, suka sauka bakin kogi a Virginia, suka sa wa wurin suna Jamestown. Zinariya suka je nema, ba noma ba. Wurin fadama ne, ga sauro, ga ruwan sha mai gishiri. A hunturun 1609 zuwa 1610 yunwa ta kusa ƙarar da su, kimanin mutum 60 suka rage.

Taba ce ta cece su, wadda John Rolfe ya fara shukawa a 1612. Ita kuwa taba, manoman cikinmu sun sani, tana cinye ƙarfin ƙasa, ga son ma'aikata. Sai kowa ya bi kogi ya share ƙatuwar gona nesa da maƙwabcinsa, gari bai haɗu ba. Wa zai yi aikin? Da farko talakawan Ingila ne, masu biyan kuɗin jirgi da ƙwadagon shekaru. A 1619 aka sauke 'yan Afirka ashirin da ɗoriya da aka kamo daga yankin Angola. Kafin ƙarnin ya ƙare, gonakin nan sun fara komawa kan wuyan bayi.

Na arewa kuwa rikicin addini ne ya fito da su, ba su yarda da tsarin cocin Ingila ba. A 1620 jirgin Mayflower ya kai mutum 102 Plymouth, har da mata da yara. Kusan rabinsu sun mutu a sanyin farko, 'yan asalin ƙasar ne suka koya wa sauran noman masara. A 1630 John Winthrop ya kawo babban ayari aka kafa Boston. Mu da muke zaman baƙunci mun san bambancin wanda ya zo ci-rani da wanda ya zo da iyalinsa. Waɗannan gari suka gina, wurin ibada a tsakiya. Ƙasarsu duwatsu ce, sai suka haɗa ƙaramin noma da su da fatauci a teku. A 1636 suka kafa Harvard, a 1647 suka yi doka: duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin koyar da yara.

Amma fa kada a yabe su da yawa. Su da suka gudo daga takura, su ne suka kori Roger Williams saboda ra'ayinsa, ya je ya kafa Providence a 1636. 'Yan ƙasar da suka koya musu noma kuwa, a yaƙin 1675 zuwa 1676 aka karkashe su, wasu aka sayar da su bayi zuwa tsibiran Karibiyan.