Ƙarfen da ke Shan Iska: Dalilin da Zafi ke Kashe Batirin Caji



Ku ɗauko batirin cajin tocilarku ko na rediyo, wanda 'yan'uwa a Nijar ke kira pil. In kun ga an rubuta Ni-MH a jikinsa, to yau da ku muke.

A cikinsa akwai garin ƙarfe, gaurayen nikel da lantanom da wasu ƙarafa, mai shan iskar haidurojin kamar yadda gero ke shan ruwa in an jiƙa shi. Tun 1866 wani masani a Ingila, Thomas Graham, ya gano cewa ƙarfen faladiyom na shanye wannan iska har ninkin girmansa kusan 900.

Da farko iskar kan shiga kaɗan-kaɗan, ƙarfen na nan yadda yake. In ta yi yawa sai ya sake kama, ya kumbura. Da ya ji zafi kuma sai ya amayar da ita, ya koma yadda yake da. Kowane ƙarfe da nasa zafin: magneziyom sai ya kai wajen digiri 300 kafin ya sake ta, amma na batirinku ko zafi kaɗan ya ishe shi.

Caji shi ke cusa iskar cikin ƙarfen, fitarta a hankali ke kunna muku tocila. In batir ya sha rana, iskar na sulalewa ba ta yi aikin komai ba. Shi ya sa za ka yi caji a Jibiya, ka bar shi gaban mota, ka isa Maraɗi ka tarar cajinsa ya ɗan ragu. In zafin ya tsananta, iska ta matse a ciki, sai ya yi tsartuwa da wani ruwa mai cin fata. Daga nan ba ya ƙara riƙe caji kamar da.

Don haka, ɗan kasuwa, kada ka baza batir a faranti cikin rana, asararka ce. Makiyayi, sa shi can ƙasan jaka, nesa da murhu. In ya yi zafi wajen caji, cire shi ya huce. Wanda ya mutu kuma, kada a jefa shi a wuta, yana iya fashewa, kuma kada a bar wa yara.

Allah ya kiyaye dukiya, ya kai mu mako mai zuwa.