Jawabi Ga Dattawa Da Zumuntar Mata A Kan Renon Bakwaini Mai Raunin Huhu



Maganata ta yau a kan jariran da aka haifa kafin huhunsu ya ƙosa ne. Ranar da aka sallami bakwaini daga asibiti mukan yi sujadar godiya, haka ya kamata. Amma fitowa daga kwalba ba ita ce ƙarshen jinya ba.

Cikin da ya cika yakan kai mako 40. Wanda aka haifa kafin mako 37 shi ne bakwaini. Akwai wani ruwa mai santsi da huhu ke yi domin kada ƙananan jakunkunan iska su manne da juna, kuma ba ya wadata sai wajen mako 34 zuwa 36. Shi ya sa wanda ya zo a wata na bakwai yake fama da numfashi har a sa masa oksijin. Waɗansu sukan fita da tabo a huhu. Abin ƙarfafawa shi ne huhun yaro yana ci gaba da girma, musamman a shekara biyu zuwa uku na farko. A waɗannan shekaru ne mura, wadda ɗan maƙwabci zai warke daga ita cikin kwana uku, kan kwantar da wannan yaro.

Shawarata ga iyaye ita ce, ku zaɓi asibiti ɗaya mai likitan yara, ku tsaya a kansa. Mu da ke Rigachikun muna kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Na Shika yana da ƙwararru da yawa, amma ku lissafta kuɗin mota da tafiyar dare kafin ku yanke shawara. Asibitin da ba za ku iya komawa kowane wata ba, ko da ya yi suna, ba zai amfane ku ba. Ku tambaya tun da rana tsaka: akwai oksijin idan an ɗauke wuta? Wace rana ce likitan yara yake ganin jarirai irin wannan? Idan abu ya tashi da tsakar dare, wace ƙofa za mu bi? Ba rashin kunya ba ne ku yi tambaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yawo. Yau kemis, gobe wani ƙaramin asibiti, jibi gidan mai addu'a, kowa yana farawa daga farko, katin yaron kuwa ya ɓace. Likitan da ya san nauyinsa na watan jiya shi ne zai gane ko yana gaba ko yana baya. Mu yi addu'a ƙwarai, amma kada wani a cikinmu ya ce wa uwa komawa asibiti rashin bangaskiya ne. Luka da ya rubuta Bishara likita ne.

Jaririn da ya daɗe a kan oksijin yana bukatar a duba idonsa wajen mako 4 bayan haihuwa, kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa tana nan Kaduna. Kada a tsallake rigakafi. Allurar ciwon huhu tana cikin jerin rigakafin yara a Nijeriya tun 2014. A nisanta shi da hayaƙin itace da ƙurar hunturu. Ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru: idan ya kai 60 kafin wata 2, ko 50 daga wata 2 zuwa shekara guda, ko kuwa ƙirjinsa yana lotsawa ciki, kada a jira gari ya waye.

Dattawa, ga namu ɓangaren. Sau da yawa kuɗin mota ne yake hana uwa komawa, ba taurin kai ba. Ina roƙo a ware wani abu daga baikon taimako domin wannan, a kuma rubuta sunayen masu mota da za a iya tashinsu da dare. Zumuntar Mata, idan kun je barka, mai tari ya tsaya daga ƙofa, mai ɗaukar jariri ya wanke hannu tukuna. In uwar ba ta zo sujada ba har wata biyu ko uku, kada a sa ta a baki. Mu ne za mu je gidanta. Magatakarda zai karɓi sunayen masu mota bayan an tashi.