Filaya ta gado da filaya mai ninki: wacce za mu sa wa jari?

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar shekara

Mai girma shugaba, iyayenmu sarakunan Zango, malamanmu, alhazai da hajiyoyi, da 'yan'uwa da suka taso tun daga Aflao, Kumasi da Paga saboda wannan rana, barkanmu da ganin zagayowar wannan shekara. Waɗanda muka yi taron bara da su ba su kawo bana ba, Allah ya jiƙan su, ya kyautata namu zuwan.

Kwamiti ya ba ofishinmu ɗan lokaci, aka ce mu zaɓi magana ɗaya daga cikin abubuwan da ke yawan zuwa teburinmu. Maganar canji da ta shingayen hanya shugaba ya riga ya taɓo su. Mu filaya muka zaɓa. Kada a raina ta. Duk ɗan ƙungiyar nan mai harkar kayan ƙarfe, ko daga Legas yake ɗaukowa, ko daga Lome, ko kai tsaye daga Sin ta tashar jirgin ruwa ta Tema, da wuya ka buɗe lodinsa ba ka ga katan ɗin filaya ba. A 'yan shekarun nan kuma wata ta shigo tana ɗauke wa mutane ido: wadda ake ninkewa a sa a aljihu, in ka buɗe hannuwanta ka tarar da wuƙa, zarto, almakashi, magagari, sukudireba da mabuɗin gwangwani, duk a jiki ɗaya. Matasanmu masu sabon jari suna tambaya ko lokacin tsohuwar ya wuce. Ƙorafin kayan da aka dawo da su kuma, wanda ke ƙarewa a ofishinmu a matsayin sulhu tsakanin dillali da mai shago, galibi a kan mai ninkin ne. Shi ya sa muka ga ya kamata a faɗa a gaban kowa.

Mu fara da ta gado. Ƙarfe biyu ne da ƙusa ɗaya a tsakiya, ba wani abu. Jikar awartakin maƙeranmu ce. Mai kyau daga cikinsu ƙera ta ake yi, wato a dake ƙarfen da zafinsa a cikin injin har ya ɗauki siffa, sannan a sake gasa bakin yankan shi kaɗai don ya fi sauran jikin tauri. Wadda aka fi saya a wajenmu ita ce mai inci 8, wajen santimita 20 ke nan. Tsawon hannun nan shi ne ƙarfinta: nisan da ke tsakanin yatsunka da ƙusar tsakiya ya ninka nisan da ke tsakanin ƙusar da bakin yanka sau da yawa, don haka matsi kaɗan a hannu yake zama matsi mai yawa a baki. Mai ɗaure rodi a wurin gini, makaniki a Abossey Okai, mai gyaran famfo, mai gyaran babur a bakin titin Nima, duk wannan tsawon suke saya ko da ba su faɗa da baki ba. Kuma abin da ba ya ninkuwa ba shi da wurin da zai saki sai wuri ɗaya.

Mai ninki kuwa tana da tarihinta, kuma tarihin yana faɗa mana wanda aka yi ta dominsa. Wani Ba'amurke mai suna Tim Leatherman ne ya yi yawo a ƙasashen Turai a 1975 da tsohuwar mota ƙirar Fiat da ke yawan mutuwa a hanya. Wuƙar aljihu yake da ita, kullum kuma filaya yake bukata. Da ya koma gida ya shafe shekaru yana gwaji, sai a 1983 kamfaninsa ya fara sayarwa a garin Portland. Kafin shi akwai jar wuƙar sojan Siwizalan ta kamfanin Victorinox, wadda tun 1897 take haɗa wuƙa da wasu ƙananan kayan aiki. Ku lura, ba maƙeri ne ya ƙirƙiro ta don maƙera ba. Matafiyi ne ya ƙirƙiro ta don matafiyi, mutumin da matsala ta riske shi nesa da akwatin kayan aikinsa.

A wannan wurin ba ta da na biyu, kuma ba za mu rage mata komai ba. Direbanmu da ya tashi daga Accra zuwa Paga, ko wanda ya bi gaɓar teku ta Aflao, Lome, Kwatano har Seme, in kan batir ya saki da tsakar dare, ko igiyar tampol ta tsinke, ko fiyus ya ƙone yana neman abin zaro shi, abin da ke aljihunsa ya fi akwatin da ya bari a gida. Kakanninmu fataken goro da suka bi hanyar Salaga ba su rabuwa da wuƙa da basilla don gyaran huhu, ai hikimar ɗaya ce. Ƙari a kan haka, yawancinsu da farin ƙarfe marar tsatsa ake yin su, kuma duk wanda ya ajiye kaya a Accra ya san abin da iskar teku ke yi wa baƙin ƙarfe.

Amma taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha biyu. Don a samu wurin ɓoye wuƙa da zarto sai da aka rarake hannuwan, suka zama kamar kwasfa. In an ninke ta tsawonta bai fi santimita 10 ba a yawancinsu, bakin filayar ƙarami ne, siriri a gaba. Ka kama ƙusa da ita ka murɗa gefe, bakin ya goce ko ya karye. Ka yanka waya mai tauri, bakin yankan ya lotsa, daga nan ko wayar tagulla sai dai ya tauna. Manyan kamfanoni sun san da wannan, shi ya sa a wasu samfuransu ake iya kwance bakin yankan a sa sabo. Kowane abu da ke ninkuwa a jikinta kuma gaɓa ce, kowace gaɓa wurin shigar ƙura ce da wurin saki. Mai kyau tana jurewa. Ta araha, wadda ita ce ke cika katan ɗin da ake kawo mana, sau da yawa zubi ce ba ƙira ba, an shafe ta da ƙyalli, kuma wuƙarta ba ta da makulli, tana iya rufewa a kan yatsa ana cikin aiki.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu, don wannan ya wuce maganar riba. Wutar da ke gidajenmu volt 230 ce. Hannun filaya mai ninki ƙarfe ne tsirara tun daga baki har tafin mai riƙe da ita. Dukanmu mun rayu a shekarun dumsor, mun san yadda yaro zai hau tsani yana gyaran waya da tabbacin an ɗauke wuta, sai a dawo da ita babu sallama, ko maƙwabci ya tayar da janareta. A unguwanni irin Nima da Maamobi, inda gida ɗaya ke da ɗakuna da yawa kuma wayoyi sun bi ta kan juna, ba kowa ne ya san wace waya ce ke ɗauke da wuta ba. Duk wanda ya sayar wa mai gyaran wuta da mai ninki a kan cewa ta ishe shi aiki, ya sayar masa da haɗari. Kuma kada masu ta gado su ce sun tsira. Robar ja ko ruwan ɗorawa da ke hannun filaya ta kasuwa don daɗin riƙo aka sa ta, ba don tare wuta ba. Wadda aka yi don aikin wuta tana ɗauke da rubutun 1000V da alamar dala biyu masu kusurwa uku a haɗe, kuma a masana'anta ana gwada kowace ɗaya da volt 10,000 kafin ta fito. Tun dokar wayarin ta 2011, hukumar makamashi ta Gana ce ke ba masu aikin wuta takardar shaida, kuma waɗanda suka bi ta wannan hanya sun san alamar, za su tambaye ku. Wanda bai sani ba, ku ne za ku nuna masa.

Akwai ta uku da ke tsakiyarsu, wadda a ganinmu ba a ba ta haƙƙinta ba. Ba ta ninkuwa, jikinta na filaya ta gado ne, sai dai an yi wa bakinta ƙananan ramuka na fere waya gwargwadon kaurinta, da wurin matse kan waya, wasu har da dogon baki. Aiki uku ko huɗu ne, amma duk na sana'a ɗaya, kuma ba a rage wa hannun ƙarfi ba. Masu wayarin da masu haɗa sola suna neman ta. In za a ƙara jari a sabon abu, mu nan muka fi karkata.

Mu zo ga lissafi. Ribar guda ɗaya ta mai ninki ta fi ta ta gado, wannan ba gardama. Amma mu ɗauki misali kawai: a ce kana samun sidi 5 a kan kowace filaya ta gado, kana sayar da dozin a mako, sidi 60 ke nan. A ce mai ninki tana ba ka sidi 30, amma guda ɗaya ke fita a mako. Rabin wancan ka samu, sauran kuɗinka kuma na kwance a kwali. Kowa ya sa alƙaluman shagonsa a wurin namu ya gani. Kuɗin da ke kwance kuwa ba barci yake ba, narkewa yake. Ba mu manta 2022 ba, lokacin da dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara ta haura 13 kafin Nuwamba ta ƙare. Wanda kayansa ke juyawa duk mako ya bi farashi a guje. Wanda ya tara kayan ƙawa ya sayar daga baya, ya koma kasuwa kuɗin bai sayi rabin abin da ya fita ba. Makaniki in filayarsa ta ɓata yau, yau zai sayi wata, don ba zai iya buɗe gareji babu ita ba. Mai ninki sai mutum ya samu sarari, ko zai yi tsaraba.

Sai boda. A jadawalin kwastan na duniya filaya tana ƙarƙashin lamba 82.03, wuƙa kuma 82.11. Abin da ke filaya ne kuma wuƙa ne yana iya jawo muhawara a kan wace lamba za a sa shi, kuma muhawara a boda kwana ce ga mota. Ku zauna da ejan ɗinku tun kafin kaya su taso, a rubuta sunan kayan dalla-dalla a takarda, kada a ce "kayan ƙarfe" kawai. Muna kuma sake tunatarwa, don har yanzu wasu na rikicewa: sassaucin harajin ECOWAS na kayan da aka yi a cikin yankin ne. Filayar da aka ƙera a Sin, ko a Idumota ka saye ta ko a babbar kasuwar Lome, 'yar Sin ce a idon kwastan. Masu tafiya Guangzhou da Dubai ta jirgin sama, samfurin mai ninki a sa shi a babban akwati, don a jakar hannu za a karɓe shi a wurin bincike saboda wuƙar.

A kan suna kuma, a yi hattara. Kamfanin Leatherman yana ba da garantin shekara 25, Knipex na garin Wuppertal a Jamus tun 1882 yake ƙera filaya. Sunaye irin waɗannan su ne masu jabu ke bugawa a jikin kayansu. In aka miƙo maka da wannan suna a kuɗin da bai kai na abincin rana ba, ka san abin da ke hannunka. Kayan Sin masu sunan kansu, waɗanda ba su ari na kowa ba, akwai nagari a cikinsu sosai, kuma sun fi mana amfani a kan jabu, don in sun yi kyau ka san sunan da za ka sake nema.

Gwaji ba ya bukatar injin. Ka rufe bakin ka ɗaga ta sama wajen haske. In haske na ratsa tsakanin bakin yankan, ba za ta yanka siririyar waya ba. Ka riƙe hannuwan biyu ka girgiza su gefe da gefe, in tana kaɗawa tun tana sabuwa, ƙusar tsakiya ba ta zauna ba. Ka goga magagari a bakin yankan: a ƙarfe mai tauri zamewa yake, a mai laushi sai ya ci. Sannan ka yanka ƙaramar ƙusa ka duba ko ta bar tabo. Ga mai ninki, ka buɗe kowane abu ɗaya bayan ɗaya, ka danna bayan wuƙar ka ga ko za ta rufe da kanta. Dillalin da ya hana ka gwada guda ɗaya daga katan, ya riga ya faɗa maka abin da ke cikin sauran. In kaya sun iso kuma, a ɗaga kwalayen daga ƙasa a kan katako, a bar man da ke jikinsu, musamman gabanin ruwan watan Yuni. Masu shago kusa da babbar kwata sun fi mu sanin dalili.

Shawarar da ofishinmu ya kai wa kwamiti ita ce, masu ƙaramin jari su bar yawancinsa a kan ta gado mai inci 8 da ta masu wayarin, mai ninki kuma a ɗauko kaɗan mai kyau, a kai ta inda masu ita suke: tashoshin manyan motoci, masu aboboya, masu tafiye-tafiye. Kwamiti ya amince, kuma ya yarda a ajiye tebur a ofis daga Larabar nan mai zuwa, ranar kasuwar Nima, da magagari, ƙusoshi da guntayen waya. Duk wanda kayansa suka iso ya kawo guda ɗaya daga kowane katan kafin ya cika wa dillali ragowar kuɗi, za mu rubuta sakamakon a littafi da sunan kayan da kasuwar da aka ɗauko su, kowane ɗan ƙungiya yana iya dubawa. Direbobinmu da ke riƙe da mai ninki kuma, muna roƙon ku biyo ku faɗa mana wacce ta jure hanya da wacce ta saki, mu sa a littafin.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya mai da kowa gidansa lafiya.