Agogon jabu da kuɗin gyaransa

Yau za mu taɓo agogon hannu, irin wanda ake rubuta wa Rolex a fuska alhali bai taɓa shaƙar iskar Suwizalan ba. Yawancinsu daga China suke fitowa, kuma a ido sai ka rantse na gaske ne.

Aibin yana ciki. Ruwan zinaren da aka shafa masa gumi kaɗai ya isa ya kankare shi. Ka riƙa alwala da shi, gilashin ya yi hazo, tsatsa ta kama injin. Mai gyara kuwa sau da yawa sai dai ya cire injin ɗungurungum ya sa wani, don kayan gyaransa ba sa samuwa. Kamfanin Rolex ma ba ya gyaran jabu.

Na gasken ma gyaransa ba arha. Garantinsa shekara 5 ne, ana so a yi masa sabis kusan duk shekara 10, kuɗin sabis ɗin kuma zai sayi jabu da dama. Amma yakan daɗe har a gaje shi.

Ni dai, da jabun Rolex gara Casio F-91W, wanda ake ƙerawa tun 1989. Batirinsa yakan kai shekara 7.